Yaya shugaban sashe zai shawo kan malamai su karɓi sabuwar manhajar jami'o'i?

Abu Khadija:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe da iyayenmu farfesoshi da sauran abokan aiki da ke wannan zaure. A farkon wannan shekarar karatu aka ɗora mini nauyin shugabancin sashenmu, kuma babban aikin da na tarar yana jirana shi ne aiwatar da sabuwar manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ta ƙaddamar a watan Disamba na 2022, wadda aka fi sani da CCMAS. Kamar yadda kuka sani, hukumar ce ta tsara kashi 70 cikin ɗari na kwasa-kwasan kowane digiri, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da ita. Majalisar dattawan jami'armu, wadda ke yanke hukunci kan harkokin karatu, ta riga ta amince, ɗaliban aji ɗaya da na aji biyu suna kanta, amma a cikin sashen har yanzu zukata ba su kwanta ba. Akwai malaman da suke koyar da tsohon darasi a ƙarƙashin sabuwar lambar kwas, akwai waɗanda ba sa halartar taron sashe muddin suka ga batun manhaja a cikin ajanda, kuma wasu daga cikin masu turjiyar su ne suka koyar da ni tun ina ɗalibi. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni zama a wannan kujera: ta wace hanya ake bi a sa abokan aiki su karɓi sauyin da ba su suka nema ba, ba tare da an ɓata zumuncin da ke tsakani ba?

Baba Farfesa:
Wa alaikumus salam. Allah ya taya ka riƙo, Dakta. Kafin komai ina so hankalinka ya kwanta a kan cewa wannan ba sabon abu ba ne. Tun da Doka ta 16 ta 1985 ta ba NUC ikon gindaya mafi ƙarancin ma'aunin karatu, aka fitar da na farko a 1989, sannan aka maye gurbinsa da wani sabon ma'auni mai suna BMAS a 2007, babu sauyin da ya zo malamai suka tarbe shi da murna. Na ga biyun da idona, kuma a duka lokutan biyu sassan da suka fi saurin daidaituwa su ne waɗanda shugabanninsu suka san iyakar ikonsu.

Shugaban sashe ba shi ne ya ɗauki kowa aiki ba, ba shi ke biyan albashi ba, kuma a yawancin jami'o'inmu wa'adinsa shekara biyu ne, daga nan ya koma ofishinsa ya zauna a ƙarƙashin wanda ya gaje shi. Saboda haka takardar umarni ba za ta kai ka ko'ina ba. Shawarata ita ce, kafin ka sake sanya batun a ajanda, ka tashi da ƙafarka ka sami kowane babban malami a ofishinsa, idan ta kama ma a gidansa, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka tambaye shi abu ɗaya: mene ne wannan manhaja ta raba shi da shi? Za ka tarar sau da yawa ba gaba yake da sauyin gaba ɗaya ba. Kwas ɗaya ne da ya gina da hannunsa tsawon shekara ashirin, wanda daga cikinsa yake gano ɗaliban da za su dawo su yi digiri na biyu a hannunsa, ya buɗe sabon kundi ya ga an shafe shi ko an cusa shi cikin wani kwas a matsayin darasin mako biyu. Mutumin da aka yi wa haka ba zai faɗa maka a gaban yaransa a taron sashe ba, amma idan kuna ku biyu zai faɗa. Idan ka san abin, to ga kashi 30 ɗin nan a hannunku, a nema wa kwas ɗin gurbi a ciki.

Kwamared:
Ranka ya daɗe Farfesa, shawararka ta dattaku ce, amma ina da ja a kan yadda aka ɗora tambayar tun daga tushe. An ɗauka cewa sauyin daidai ne, malamai ne matsalar, aikin shugaban sashe kuwa shi ne ya lallashe su. Ƙungiyarmu ta malaman jami'o'i, wato ASUU, ta fito fili a tsakiyar 2023 ta bayyana cewa tsara kashi 70 na manhaja daga Abuja shiga hurumin majalisun dattawan jami'o'i ne, domin su doka ta ɗora wa alhakin abin da za a koyar. Wanda ya yarda da wannan matsayi ba mai taurin kai ba ne, hujja gare shi.

Sannan a dubi lokacin da abin ya zo. Mun fito daga yajin aikin wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba na 2022, an riƙe albashin waɗannan watanni, sai daga baya aka saki na wata huɗu. Ba mu gama farfaɗowa ba aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. Malamin da yake lissafin kuɗin man da zai kawo shi makaranta sau biyar a mako, shi ake cewa ya zauna ya sake rubuta darussan kwas huɗu daga farko, ba tare da ƙarin ko sisi ba. Idan Dakta Abu Khadija yana son a saurare shi, kada ya tsaya a gaban abokan aikinsa yana yabon abin da shi kansa bai tsara ba. Ya faɗi gaskiya: ga abin da majalisar dattawa ta zartar wanda ba mu da ikon sauyawa, ga abin da ke hannunmu, ga kuma ƙorafinku, zan sa a rubuta shi a cikin rahoton taro in kai shi da bakina kwamitin tsangayar da sashenmu ke ƙarƙashinta. Malamai suna iya aiki da abin da ba su so, matuƙar ba a raina musu hankali ba.

Ummu Sadiq:
Ina gaishe da kowa. Ni jami'ar jarrabawa ce a sashenmu, kuma ina so in kawo ɓangaren da ba a cika jin muryarsa ba idan manya suna magana. Duk sauyin da aka zartar a sama, a kan teburin ƙananan malamai yake sauka. A halin da muke ciki muna tafiyar da manhaja biyu a lokaci guda, 'yan aji uku da huɗu suna kan tsohuwa, na ƙasa da su suna kan sabuwa. Ɗalibin aji huɗu da yake da kariyoba, wato kwas ɗin da ya faɗi sai ya maimaita, a wani kwas na aji ɗaya zai zo ya tsaya a ƙofar ofishina da takardar rajista a hannu, kwas ɗin da ya faɗi babu shi a jadawali, wanda ya fi kama da shi a sabuwar manhaja kuma lambarsa daban, yunit ɗinsa, wato ma'aunin nauyin kwas, shi ma daban. Idan na ce ya zauna da 'yan aji ɗaya, shafin rajista na jami'a ba zai karɓi makinsa ba. Idan na ce a shirya masa jarrabawa ta daban, sai na nemo malamin da zai yarda ya fitar da tambayoyi saboda ɗalibai shida. A ƙarshe ni da mai kula da 'yan aji huɗu muka zauna bayan la'asar, kwamfutata tana jone da batirin wani ofis saboda babu wuta, muka tsara jadawalin da ke nuna kowane tsohon kwas da takwaransa a sabuwar manhaja, muka kai wa shugaban sashe ya gabatar a taro.

Abin da nake so Dakta ya gane shi ne, mu ba mu ƙi sauyi ba, mu ne ma muke ɗauke da shi. Abin da ke kashe mana gwiwa shi ne a ce ina da wannan aiki, ina da kwas huɗu, ina duba kundin ɗalibai masu kammalawa, sannan idan lokacin ƙarin girma ya zo a tambaye ni adadin maƙalun da na wallafa, kamar dai sauran aikin ba a yi shi ba. Idan kana son ƙananan malamai su tsaya maka, ka kafe jadawalin rabon aiki a allon sanarwa kowa ya ga nauyin da ke kan kowa, ka rage wa masu riƙe da jarrabawa da rajista kwas ɗaya, ka kuma rubuta musu takardar yabo da za ta shiga fayil ɗinsu. Duk waɗannan suna cikin ikonka, ba sai ka nemi izinin kowa ba.

Abu Yasir:
Allah ya saka wa Malama da alheri, ta faɗi abin da ke zukatan da yawa daga cikinmu. Ni kuma, tare da girmamawa, zan saɓa wa Baba Farfesa a wuri ɗaya. Digirin shekara huɗu yana buƙatar aƙalla yunit 120, ke nan kashi 30 ɗin da ake magana kimanin yunit 36 ne kawai. An bar shi ne domin kowace jami'a ta koyar da abin da ya dace da yankinta da kuma abin da ta fi ƙwarewa a kai, shi ya sa ma ake sa gajeren sunan jami'a a gaban lambar waɗannan kwasa-kwasai. Idan muka mayar da shi wurin ajiye tsofaffin kwasa-kwasan da kowane babba ba ya son rabuwa da su, to mun toshe ƙofa ɗaya tilo da aka bar mana a buɗe. Sashen aikin gona da ke arewa ya kamata ya cike gurbinsa da noman rani da adana albasa da tumatir da yaƙi da kwararowar hamada. Sashen Hausa ya kamata ya dubi fassara a kafafen yaɗa labarai, da rubutun fim, da aikin Ajami, da yadda harshen ke shiga kwamfuta. Ɗalibin da zai fita neman abinci da wannan takarda shi ya kamata a fara tunawa, kafin a tuna da ran wanda za a ɓata.

Baba Farfesa:
Maganarka tana kan hanya, ɗana, kuma ban ce a kwashe duk abin da ke tsohon kundi a zuba a sabo ba. Amma ka lura da abu guda: kwas ɗin da aka rubuta a takarda ba ya koyar da kansa. Idan ka tsara kwasa-kwasai masu kyau goma, mutanen da za su tsaya a gaban allo kuwa suna jin an wulaƙanta su, abin da Dakta ya ba da labari shi zai faru, sabuwar lamba a sama, tsohon darasi a ƙasa, babu kuma mai bin malami cikin aji ya ga abin da yake faɗa. Hanyar da na ga ta yi aiki ita ce a karɓi kwas ɗin babba bisa sharaɗi: a haɗa shi da ƙaramin malami, su sake rubuta shi tare bisa sabon tsarin da ke buƙatar a fayyace abin da ake so ɗalibi ya iya yi bayan ya gama kwas ɗin, su kuma koyar da shi tare. Babba ya tsira da mutuncinsa, ƙarami ya gaji ilimin da ba ya cikin littafi, kwas ɗin kuma ya sabunta. Wanda aka sake rubutawa aka ga ba shi da abin da zai ƙara wa ɗalibi, mai shi da kansa zai gane, kuma ya fi sauƙi ya janye shi da hannunsa a kan a cire masa.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Ina bin wannan muhawara da sha'awa domin mu a Nijar mun bi irin wannan hanya lokacin da aka koma tsarin LMD, wato lisansi (digiri na farko) shekara uku, masta shekara biyu, dakta shekara uku, bayan ƙungiyar UEMOA, ta ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin sefa, ta umarci ƙasashenta da su karɓe shi a 2007. Mu ma daga sama abin ya zo, asalinsa ma daga Turai. An raba shekara zuwa zango biyu, kowane zango da kiredi 30, wato irin yunit ɗinku, an ce a riƙa auna ɗalibi a kai a kai maimakon a jira jarrabawar ƙarshen shekara. A takarda abin yana da kyau, amma malamin da ke da ɗalibai ɗaruruwa a ɗakin lacca ɗaya, aikin duba takardunsa ya ninka ba tare da an ƙara masa mataimaki ba.

Abin da na lura da shi a sashen da nake shi ne, bitar da ake kira a babban ɗaki a kawo masani ya yi jawabi da majigi ba ta sauya komai ba. Abin da ya sauya mutane shi ne lokacin da malamai biyu suka gwada sabon tsarin a kwas ɗinsu na zango ɗaya, suka zo taron sashe da takardun ɗalibai da sakamako, suka nuna inda aka ci riba da inda aka sha wuya, ba su ɓoye komai ba. Malami ya fi yarda da abokin aikinsa da suke shan wahala ɗaya a kan baƙon da zai yi magana ya hau mota ya tafi.

Hajiya Shugabar Tsangaya:
Na ji daɗin gudummawar ɗan'uwanmu na Maraɗi. Zan ƙara abu biyu daga abin da na gani lokacin da nake shugabancin tsangaya. Sababbin shugabannin sassa suna yawan fakewa da tantancewa, su ce wa malamai idan ba a yi kaza ba NUC za ta hana mu amincewa a rufe mana ɗaukar ɗalibai. Maganar gaskiya ce, amma tsoro yana haifar da gyaran takardu ne kawai. Za a cika fayil-fayil kafin baƙi su zo, su tafi kuma a koma gidan jiya.

Na biyu shi ne rabon damammaki. Kowane sauyi yana zuwa da ɗan abin alheri: gurbin bita, halartar taron ƙara wa juna sani da kuɗin asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund, kwamfuta ko majigin da aka ba sashe, zama a kwamitin da ke da alawus. Idan malamai suka ga waɗannan suna tafiya wurin mutum uku da ke kusa da shugaba, aikin kuwa ana raba shi ga kowa, to an gama da maganar haɗin kai. A sanar da kowace dama a fili, a kuma sa wanda ya je bita ya dawo ya koyar da sauran. Kada kuma a manta da ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje da sakataren sashe. Sabuwar manhaja ta ƙarfafa aikin hannu, su ne za su shirya kayan, amma sau da yawa sai ranar da ɗalibai suka cika musu ɗaki suke jin labarin an sauya kwas.

Abu Khadija:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na ɗauki batun ziyarar manya, da kafe jadawalin rabon aiki, da kai ƙorafi gaba a rubuce. Saura tambaya ɗaya da ta fi damuna. Idan an bi duk waɗannan hanyoyi, aka sami malami ɗaya da ya ce shi sam ba zai koyar da sabon abin da ke cikin kwas ɗinsa ba, ɗalibai kuma suna zuwa suna kuka cewa abin da ake koya musu bai yi daidai da kundin da aka raba musu ba, shin in rubuta masa takardar tuhuma ne, ko in kai maganar gaba, ko in yi haƙuri har wa'adina ya ƙare?

Kwamared:
Takardar tuhuma a kan abin da ya shafi ra'ayin ilimi za ta mayar da saɓanin mutum ɗaya rikicin sashe gaba ɗaya, kuma waɗanda suka fara sassautowa za su koma bayansa saboda kara. Amma ni ma ban yarda a bar ɗalibai a tsakiya ba. Adawarmu da yadda aka kawo manhajar tana da wuraren da ake yin ta, a majalisar dattawa da taron ƙungiya, ba a kan yaran da suka yi rajistar kwas da kuɗin iyayensu ba. Ka nemi shugaban reshen ƙungiya na jami'arku ku same shi tare, domin abin da zai ƙi ji daga bakin shugaban sashe yana iya jin sa daga bakin ɗan'uwansa na gwagwarmaya.

Ummu Sadiq:
Ina roƙon kada a zaɓi haƙuri har wa'adi ya ƙare. Ɗaliban da aka koya wa tsohon darasi a aji biyu za su shiga kwas na aji uku da aka gina a kan sabon, su faɗi, su dawo ofishin jarrabawa da kariyoba. Akwai kuma hanyar da ba ta buƙatar faɗa da kowa: tantance tambayoyin jarrabawa a matakin sashe. Idan aka mayar da shi ƙa'ida cewa kowane malami, babba da ƙarami, har da shugaban sashe, zai kawo tambayoyinsa gaban kwamiti a gwada su da abin da manhaja ta ce, to maganar ta tashi daga kan mutum ɗaya ta koma kan kowa.

Baba Farfesa:
Na goyi bayan Malama, kuma ka fara da naka tambayoyin, Dakta, a gaban kowa. Idan bayan wannan da zaman da Kwamared ya ambata mutumin bai sauya ba, rabon kwasa-kwasai na zango mai zuwa yana hannun kwamitin sashe. A ba shi kwas na 'yan aji huɗu da har yanzu ke kan tsohuwar manhaja, ko na masu digiri na biyu inda iliminsa zai yi amfani, a miƙa kwas ɗin da ake taƙaddama a kansa ga wanda zai koyar da shi yadda aka tsara. Ka sanar da shi da bakinka kafin jadawali ya fita, ka kuma sanar da shugaban tsangaya dalilinka a rubuce, saboda idan maganar ta je sama kada ta iske shi bai sani ba.

Abu Yasir:
Ranka ya daɗe, wannan zai yi aiki na shekara biyu ne kawai, domin da zarar 'yan aji uku na yanzu sun fita babu sauran kwas a tsohuwar manhaja da za a ba kowa. Ina ganin ya kamata Dakta ya faɗa masa wannan tun yanzu, ya kuma haɗa shi da ƙaramin malamin da za su fara shirya kwas ɗaya na sabuwar manhaja tare kafin lokacin ya zo.